Darasin Dare a Tawa

Ni Tankari ɗan Adar, mai albasa,
shekara ashirin ina kai ta Kumasi,
da yatsu nake ciniki, da gyaɗa kai, da dariya.
Bana na ce ya isa.
Na sayi kaye da biro, na hau benci bayan isha'i
a lakkwal ɗin unguwarmu,
gwiwoyina suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur.

Mushe Asumana sa'an ɗana ne,
amma alli na hannunsa, sai na yi ladabi.

Daren farko ya ba mu *you*.
Na ce, Mushe, wannan kai ne ko ke?
Ya ce, duka biyun.
In taro ne fa? Ya ce, ita ɗin dai.
Riga ɗaya ke nan ga ango da amarya da 'yan rakiya.

Albasa kuwa, da muka san ta mace
tun tana dashe a fadamar Galmi,
a Ingilishi ba mace ba ce, ba namiji ba.
*It*, in ji shi. Na ji mata ciwo.

Sai wata *s* 'yar mitsitsiya
mai maƙale wa aikatau a wutsiya kamar ƙarangiya.
Ba ta kama ni, ba ta kama ku,
sai shi, sai ita.
Sau bakwai na manta ta a shafi guda,
jan biro ya tsare ni kamar ɗan duwan a iyaka.

Tambayarsu ba ta faɗa wa gida kai tsaye,
sai ta turo *do* ya yi sallama,
ɗan aiken da bai san saƙon ba.
In zancen jiya ne ya sake hula ya zama *did*.

Mu aikataunmu dattijo ne:
na biya, zan biya, nakan biya,
yara ke kai-komo a gabansa, shi yana bisa buzu.
Nasu *go* ne da hantsi,
ya kwana ya tashi *went*,
ko kamar dangi babu.
Mushe ya ce, haddace, kar ka nemi dalili.
Na ce, haka dillalai ke ce min.

Ran Laraba wuta ta ɗauke,
muka haska allo da wayoyinmu.
Ya rubuta *will*, ya rubuta *would* a ƙasanta,
ya ce ta sama alkawari ce,
ta ƙasa tana jiran sharaɗi.
Gabana ya faɗi.

Akwai saƙon murya a wayata, shekara uku,
na Akosuwa mai rumfa a Kumasi,
buhu arba'in na bar mata.
Kalma ɗaya na tsinta a ciki, *pay*,
na riƙe ta, na yi ta jira,
na kai ƙararta wurin Allah a kowace asuba.

Da aka tashi na miƙa wa Mushe.
Ya saurara sau biyu, ya cire tabarau.
Baba, ba ta ce za ta biya ba.
Cewa ta yi da ta biya,
in da ruwa bai shiga sito ba.
Ta ce ka zo ku raba asara.
Har da kuka a ƙarshe, ba ka ji ba?

Na ji. Na ɗauka tari ne.

Ya koya min doguwar jimlar nadama,
*if* a gaba, *had* na bin ta, *would have* can baya,
ayari guda don kaya ƙanƙane.
Mu mun gajarta: da na sani ƙeya ce.

Na tura babur har gida ban tayar ba,
ina maimaita abin da zan ce mata gobe.
A ƙofa na duba kaye da hasken waya:
tana sayar da albasa, tana da gaskiya.
Duka biyun na manta *s*.